Ganyen Tsallaken Kanal

Tun shekaranjiya sanyi ya sauko mana a Manchester, irin wanda in ka buɗe ƙofa a haƙori yake fara kama ka. Jiya da yamma ina kicin ina kaɗa miyar kuka sai ga Ummi, 'yata ta fari, da kwamfutarta a hannu. Wai a makaranta an ce kowa ya kawo kalma ɗaya daga yaren gidansu, ya faɗi ma'anarta da inda ta samo asali. Ita a ƙasar nan aka haife ta, Hausarta sai dai a yi haƙuri.

"Mama, me ake ce wa canal da Hausa?"

Na ce, "Kanal."

Ta yi dariya, wai wayo na yi mata. Na ce ba wayo. Na lissafa mata namu na asali: lambatu da ke kwashe ruwan unguwa, indararo da ke zubo na saman soro, magudana da mai lambu ke ja da fartanya. Amma wannan babban, mai bango da siminti, ba mu da shi sai da aka zo aka haƙa mana. Kakarta takan ce ranar da aka fara sako ruwa daga madatsar Tiga, da ruwan da sunan tare suka iso garinmu Kura, ba wanda ya tsaya neman wani.

Tana rubutawa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ai shi ya sa ta zaɓi kalmar, don na cikin gari ya daskare, ran Asabar za su je kallo da ƙawayenta.

Maburgin ya tsaya a hannuna. Miyar nan har ta kama ban sani ba.

A Birmingham na haifi Ummi, a Selly Oak, shekarar da aka yi wani sanyi da har su masu ƙasar suke cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba. Babanta yana karatun digiri na uku, muna haya a wani tsohon gida siriri, ɗaki biyu a sama, falo da kicin a ƙasa. Bayan gidan akwai ɗan tsakar gida da shingen katako da ya ruɓe ya kwanta, mai gidan hayar kullum gobe zai gyara. Kana tsallake katakon, taku kaɗan, sai kanal. Baƙin ruwa ne, ba ya gudu, ba ya ƙara, sai jefi-jefi wani dogon jirgi ya wuce a hankali da hayaƙinsa.

Lokacin ne sabuwar gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ka kunna rediyo, cuts, wato rage kashe kuɗi, ka shiga bas, cuts. Sharar ofis da Abban Ummi ke yi da asuba don mu samu na cefane aka rage masa ranaku. Kuɗin karatu daga gida kuwa sai ranar da ka gan su. Wutarmu da gas duk na mita ne, irin wanda kake zuwa shago a loda maka, in ya ƙare gida ya yi ɗif. Saboda haka na'urar ɗumama gida sau biyu muke kunnawa, kaɗan da safe, kaɗan bayan magariba, sauran yinin kowa ya ji da kansa.

Haihuwar fari a gida ake yin ta, kowa ya sani. Ni ban samu tafiya ba, sai Inna ce ta zo. Matar da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba, ta hau jirgi ita kaɗai da jaka cike da gero, kanwa, yajin jego, daddawa, da wani ƙullin busasshen ganyen darbejiya da ta naɗe cikin zannuwanta. Tun rasuwar mahaifinmu ita ke riƙe da gonarsa a bakin kanal, alkama da rani, tumatir, wani lokaci albasa. Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana, kuma in ta ce abu kaza ne, to ka tafi ka huta. Sunanta aka sa wa jaririyar, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Abin da Inna ke tsoro a duniya ɗaya ne, kada sanyi ya shige ni. Ta ga matan da suka yi wasa da jego suka kumbura, ta ga wadda ba ta tashi ba. Da ta sauka ta ji iskar ƙasar nan, sai ta dube ni ta ce, "A nan kika haihu?" kamar wadda na yi da gangan.

Wanka safe da yamma, ba fashi. Kafin Abban Ummi ya fita, gari baƙi ƙirin, zai cika manyan tukwane biyu ya ɗora, ya haɗa da butar lantarki. In sun tafasa shi ke hawa da su bene, don gwiwar Inna ba ta son matakala da kaya. Sai ya ajiye a ƙofar banɗaki, ya yi gyaran murya, ya ɓace. Tsakaninsa da Inna gaisuwa ce kawai, a durƙushe, ido a ƙasa. Ita ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci in yana wurin. Duk abin da zai gaya mata sai ya biyo ta kaina, ko da kuwa tana zaune a gabansa. Na sha jin, "Ki ce wa Inna a yi a hankali da gas ɗin," ni kuma in juya in ce, "Inna, wai an gode da ƙoƙari."

Takan tsoma ganyen cikin ruwan, ta fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya, tururi ya cika banɗakin har ba ma ganin juna. Ina ihu tana cewa, "Yi shiru, raguwa." Unguwarzomar da ke zuwa duba ni daga asibiti ta ga jan bayana ta zaro ido, ta yi ta bayani a kan zafin ruwa. Inna ta saurare ta tsaf, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta ce in ce mata ta gaida gida.

Bayan wanka sai kunun kanwa. Da geron ya ƙare ta koma dama shi da oats, tana yi tana tsaki. Daga nan mu uku mu shige ɗaki ɗaya mu rufe ƙofa, mu toshe ƙasanta da tawul. Abban Ummi a falo yake kwana cikin rigar sanyi biyu. Da safe sai ka ga ƙanƙara ta cikin gilashin taga, ba ta waje ba, Inna ta sa wuƙa tana kankarewa. Kayan jaririya in an wanke kwana suke ba su bushe ba, bango ya yi baƙi-baƙi a lungu, komai na gidan warin danshi yake. Rana kuwa in ta ga dama ta leƙo, kafin la'asar ta tafi.

Ba a yi nisa ba darbejiyar ta mutu murus. Busasshen ganye ne, an tsoma an fyaɗa, an tsoma an fyaɗa, sai tsinke ya rage. Inna ta ce a samo ɗanye. A ina? Duk bishiyoyin unguwar sun zubar, sun tsaya tsirara. Na ce wa Abban Ummi, ya je shagon 'yan Pakistan a Bristol Road ya dawo da damin na'ana'a, yana murna. Inna ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta ce, "Ki ce masa an gode. A sa a shayi."

Ta gwada da tawul, ta ce ba ya shiga jiki. Ta gwada da hannu, ruwan ya fi ƙarfin hannun. Kullum bayan wanka sai ta danna ƙafata da yatsa ta ga ko ya lotsa. Wata safiya ya ɗan lotsa. Ranar ko kununta ba ta sha ba.

Ta tagar ɗakinmu ana hango tsallaken kanal. Can akwai hanyar masu yawo da karnuka, bayanta kuma wata 'yar bishiya mai duhu, ganyenta kauri, kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ita kaɗai ce mai ganye a duk inda ido ya kai. Inna ta sa mata ido. Gadar da za ta kai ka can sai ka fita titi ka yi zagaye mai nisa, ga santsi, ita kuma ba ta fita titi ita kaɗai. Na roƙi Abban Ummi, ya ce to, in ya samu sarari. Da duhu yake fita, da duhu yake dawowa, kuma na san a ransa gani yake ganye ai ganye ne, ba shi ke warkar da mutum ba.

Wata rana tana tsaye a tagar ta ce, "Yaushe suke rufe ruwan nan?"

A Kura haka ake yi. Lokaci-lokaci ma'aikatan ruwa kan rufe ƙofa daga sama don gyara ko yashe, kanal ya janye, ya bar farar ƙasa da 'yan tabkuna. Ranar yara sai kamun kifi, manya kuma ba mai zagayawa gada, kowa ya gangara ya tsallaka ya hau. Ni kaina na tsallaka ba adadi da kwanon abinci a ka.

Na ce, "Inna, nan ba a rufewa. Ba na noma ba ne, na jirgi ne."

Ta ce, "Kowane kanal ana rufe shi. In ba a rufe ba ta ina za a yashe?"

Na yi dariya na bar maganar.

Sai sanyin ya ƙara sauka. Jiragen suka daina wucewa. Agwagin da ke iyo suka koma tafiya a saman ruwan da ƙafa. Daga nan dusar ƙanƙara ta zubo kwana da yini, ta rufe tsakar gida, ta rufe katakon shingen, ta rufe kanal. Da gari ya waye babu baƙin ruwa ko kaɗan, sai wata shimfiɗaɗɗiyar hanya fara fat tsakanin bango biyu, har da sawun kyanwa ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, ga shi sun rufe."

 Na ce mata ruwan yana nan, samansa ne ya daskare, kamar na cikin firiza. Ta ce ta san ƙanƙara, ai ana sayarwa da azumi, amma wace ƙanƙara ce za ta yi faɗin kogi? Na ce wallahi yana ƙasa. Ta nuna mini sawun kyanwar. Na rasa ta inda zan ɓullo mata, don ni ma a lokacin ban taɓa ganin ruwa ya daskare a fili ba, abin da aka gaya mini nake maimaitawa, ita kuma ta ji hakan a muryata.

Da Abban Ummi ya dawo na tare shi a kicin. Na ce ya yi mata magana da kansa, shi namiji ne, shi ke karatu, za ta ji. Ya shiga falo ya durƙusa, ya gaishe ta, ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Inna, wato bayan gidan nan, sai ana ɗan kula." Ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ya taso ya fito yana share gumi a wannan sanyin. A ganinsa ya yi magana.

Daga ranar barcina ya zama rabi. In ta motsa na buɗe ido. In ta sauka kicin sai in kasa kunne in ji ko ƙofar baya ce. Na ɗauke makullin na sa ƙarƙashin katifar Ummi, ta tambaya na ce ya ɓata, ta dube ni kawai. Ita tana tsoron abin da ke shiga jikina, ni ina tsoron abin da ke bayan gida, muna kwana ɗaki ɗaya kowa da nasa.

Ranar da abin ya faru, mantawa na yi da shara. Abban Ummi ya karɓi makullin da asuba ya fitar da ita ta baya, ya bar shi a jikin ƙofa. Bayan wankan safe na ba Ummi nono, ɗumin kunu ya kwashe ni. Abin da ya tashe ni shiru ne. Gidan ya yi tsit, ba motsin tukunya, ba jan carbi. Na duba inda take ajiye wuƙar yanka albasa a kan taga, don da ita take kankare ƙanƙara, babu.

Na leƙa. Sawunta ya fita daga ƙofar kicin, ya tsallake shinge, ya sauka, ya ratsa farar hanyar nan tiryan-tiryan. Tana can tsallake, cikin rigar sanyin Abban Ummi da ta kai mata gwiwa, ta riga ta yanki ganyen, dami guda a hammata. Ina kallo ta zauna a bakin bangon, ta zuro ƙafa, ta sauko za ta dawo.

Ban san yadda na sauka benen ba. Zanin goyo ne a kafaɗata, ƙafata ba takalmi. Na isa bakin kanal tana tsakiya, tana tafiya a hankali irin ta mai ɗauke da tulu. Wani dattijon Bature da karensa ya tsaya a wancan gefen yana ɗaga hannu yana ihu, wai ta kwanta, ta kwanta a kan cikinta. Na ce, "Inna, ki kwanta, ki jawo jiki." Ta waiga ta dubi mutumin, ta dube ni. Ita ta kwanta a ƙasa gaban wani ƙato? Ta ce, "Koma ciki, ke da ba ki yi arba'in ba."

Sai na ji ƙarar. Ba babba ba ce, kamar an taka busasshen kara, sai kuma wata doguwa da ta bi ƙarƙashin dusar har ƙafata. Inna ta tsaya. A karon farko na ga ta dubi ƙasa. Wurin da ta taka ya yi duhu, ruwa yana tsattsafowa ta cikin farin.

Ta ƙara taku biyu. Saura kaɗan ta iso, har ina ganin ƙanƙara a girarta. Sai ƙasan ya buɗe.

Ruwan ya kai mata wuya. Bakinta a buɗe, numfashi ya ƙi fita, ido waje. Ta kai hannu ɗaya ta dafa gefen ƙanƙarar ya ɓalle, ta sake dafawa ya sake ɓallewa. Ɗaya hannun yana sama, riƙe da ganyen, kada ya jiƙe.

Na kwanta rub da ciki a kan dusar, na wurga mata bakin zanin. Bai kai ba. Na matsa har ƙirjina ya leƙa, na sake wurgawa, ya faɗa kusa da kafaɗarta. Na ce, "Inna, kama. Saki ganyen ki kama da hannu biyu."

Numfashinta ya dawo da ƙyar. Abin da ta fara cewa, haƙoranta na haɗuwa, shi ne, "Tashi daga ƙasan nan. Sanyi zai shige ki."

Na fashe da kuka. Na ce, "Wallahi ba zan tashi ba, in kin nutse a nan zan kwana. Ki saki ganyen."

Ba ta saki ba. Ta tattara ƙarfinta ta wurgo shi sama, ya faɗo kusa da kaina, sannan ta kama zanin. Laka ta riƙe ƙafarta, rigar ta sha ruwa ta yi nauyi, ni kuma ɗinkin haihuwata yana ja kamar zai tsage. Na jawo ta har jikin bango amma na kasa ɗago ta. Haka muka zauna, fuskarta dab da tawa, leɓenta yana komawa baƙi, ina jin kukan Ummi ta tagar sama. Ina kallon yatsunta suna sassautawa a kan zanin ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata ta yi salati, ita ma tana ce mini in yi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba, kafin nan ko bayan nan.

Dattijon nan ashe da gudu ya zagaya ta gada, ya kira motar asibiti a hanya. Shi ya kamo wuyan rigar, muka fizgo ta tare.

Ta kwana biyu ba ta san inda take ba, daga baya kuma ƙirji ya kama, ta ƙara kwanaki a asibiti. Abban Ummi a can yake yini, a kan kujera bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Ni kuwa da na koma bayan gida neman zanina, sai na ga damin ganyen a kan dusa, kore shar, ko ɗaya bai zube ba. Na ɗauka na ajiye a taga.

Ranar da aka sallamo ta ba ta iya ɗaga hannu sosai. Abban Ummi ya ɗora tukwanen, ya hau da su, ya yi gyaran murya, ya ɓace. Na zaunar da ita a inda take zaunar da ni, na sirka ruwan, na tsoma ganyenta na fara fyaɗa mata a baya. Bayan nan da na sani mai faɗi duk ya zama ƙashi. Tururi ya rufe mu.

Ta ce, "Ashe su nan ba rufe shi suke ba. Lulluɓe shi suke."

Can kuma ta ce, "Miƙo ƙafarki in gani." Ta danna da yatsa, bai lotsa ba. Ta ce, "To."

Ta koma Kura da bazara. Ta ƙara 'yan shekaru, amma ƙirjin bai sake komawa daidai ba, duk sanyin shekara sai ya kwantar da ita, a cikinsa kuma ta tafi. Allah ya jiƙan Inna.

Jiya na kashe wutar miyar na ba Ummi labarin nan, wanda ban taɓa ba ta dukansa ba. Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Ba hawa za mu yi ba, Mama. Kallo kawai."

Na dubi gajerun hannayenta da yadda take ɗaga haɓa in ta riga ta yanke magana. Na ce na yarda, amma tare za mu je. Ta ce zan ba ta kunya a gaban ƙawayenta. Na ce ta ji kunyar.

Zanin yana ƙasan akwati, duk ya koɗe, amma har yanzu da ƙarfinsa. Na ciro shi ɗazu na sa a jakata.